Kafin Mu Tambayi Abin Da Ya Aiko

An daɗe ana ɗora wa finafinan Indiya laifin lalacewar tarbiyya a ƙasar Hausa. Malamai sun yi wa'azi a kai, marubuta sun yi rubutu, iyaye sun yi faɗa har sun gaji. Wani zargin gaskiya ne, ba na musu. Amma akwai wani tsohon fim guda wanda da za a bi ta tawa, da an tara iyaye da yayye a garuruwanmu na Bodinga da Shagari an kunna musu shi, yaran ma su dakata a waje tukuna. Sunansa Naam. Ya fito a 1986, Mahesh Bhatt ne ya ba da umarni, Salim Khan mahaifin Salman Khan ya rubuta labarin, wato ɗaya daga cikin mutum biyun nan da suka rubuta Sholay da Deewaar.

Wanda ya yi zamanin kaset ba sai an gabatar masa da jaruman ba. Sanjay Dutt ne a gaba, wanda masu kallo a nan suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, kamar yadda suka kira Dharmendra Sarkin Ƙarfi. Ɗa ne ga Sunil Dutt da Nargis, Nargis ɗin Mother India da iyayenmu ba su gajiya da kallo. A lokacin bai daɗe da dawowa daga Amurka ba, inda aka kai shi jinyar shaye-shaye, kuma wannan fim ne ya ɗaga shi bayan an fara fid da rai da shi. Tare da shi akwai Kumar Gaurav, wanda a zahiri mijin ƙanwarsa ne, sai Nutan a matsayin uwa, sai Paresh Rawal, wanda matasan yanzu suka sani da barkwanci, amma a nan mugu ne na ƙin ƙarawa.

Gidan talakawa ne: uwa mai suna Janki wadda mijinta ya rasu, da samari biyu. Ravi mai natsuwa ne, shi ke fita nema, shi ke ɗauke da gidan. Vicky ba aiki, zuciya a kusa, yau rigima gobe rigima. Can cikin labarin ake gane ashe 'yan uba ne, ba ciki ɗaya suka fito ba, mace ɗaya ce dai ta rene su a ɗaki ɗaya. Vicky ya ji yadda 'yan ƙasarsu ke samun kuɗi a Dubai, ya ƙallafa rai sai ya je. Ravi ya yi faɗi-tashi ya haɗa kuɗin biza da na tafiya. Da yaron ya sauka sai ya tarar babu aikin da aka yi masa alkawari, bizar ma ta bogi ce. Ga hukuma tana iya kama shi kowane lokaci, ga kunyar komawa gida bayan an kashe abin da aka kashe. Ana cikin haka wani ɗan fasa-ƙwauri mai suna Rana ya miƙo masa hannu: zan rufa maka asiri, kai kuma ka yi mini aiki. Daga nan harka ta kai shi har Hong Kong. Ravi ya tashi nemansa, amma Vicky bai koma gida da rai ba.

A Bodinga na fara ganin fim ɗin, a farkon shekarun 1990, a wani gidan kallo da aka kewaye da zana. Benci ne a jere, janareto na ruri a bayan ɗaki, talabijin a kan tebur an tokare ƙafarsa da dutse. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, sai wani yaron mai gidan kallon da ya kalli kaset ɗin sau da yawa, shi ke ba da labari kafin abu ya faru, ana ta ce masa ya yi shiru. Faɗa muka zo gani. Amma akwai wurin da mawaƙi Pankaj Udhas ya hau dandamali yana rera wa Indiyawa mazauna ƙetare waƙa a kan wasiƙar da ta zo daga gida, Vicky na zaune cikin taro hawaye na zuba. Anand Bakshi ne ya rubuta waƙar, Laxmikant da Pyarelal suka yi kiɗan, Pankaj Udhas kuwa ya rasu a watan Fabrairun 2024. A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai tiren goro, wanda ya yi shekaru a Kumasi kafin a koro su. Ba kallo ya zo ba, ciniki ya kawo shi. Ya tsaya da tire a hannu har waƙar ta ƙare, bai san kalma ɗaya a cikinta ba, sannan ya ce da mu: "Yaron ga ba kuɗɗi ya rasa ba, hanyar komowa gida ta ɓace mai."

Na karanta sharhi iri-iri a kan finafinai tun daga wannan lokaci, ban ga wanda ya kai wannan ba. Kuma abin da ya sa nake cewa manya ya kamata su kalla shi ne, a cikin gidan su Vicky babu mugu. Ravi da ƙauna ya haɗa kuɗin nan, yana ganin taimakon ɗan'uwa yake yi. Abin da ya rage masa bincike ne. Wane ne wannan mai bizar? Wane kamfani ne, ina takardar aikin, wa ya taɓa tafiya ta hannunsa ya dawo? Kuɗin da ya tara don ya ceci ɗan'uwansa su ne suka toshe wa ɗan'uwan hanyar dawowa, domin wanda aka yi wa irin wannan ɗawainiya ba ya iya ɗaga waya ya ce an cuce ni, ku zo ku ɗauke ni.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba yau muka fara tafiya ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi, waɗanda suka tsira suka bi ɗansa har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Kakanninmu sun je Makka da ƙafa, wasu suka yi shekaru a hanya suna noma suna ci gaba. A ranin 1952 zuwa 1953 wani Bature masanin labarin ƙasa mai suna Mansell Prothero ya sa aka ƙirga masu fita ta hanyoyin lardin Sakkwato, aka samu sama da mutum 250,000 a rani ɗaya, har da mutanen Nijar masu ratsawa. Wasu ƙasar Yarabawa suka nufa, wasu ƙasar da ake kira Gana yanzu.

Sai dai cin rani yana da ƙa'ida. Mutum yakan fita bayan girbi ya dawo kafin shuka, kowa ya san ranar dawowarsa domin hadari ne ke kiransa. Tare da 'yan garinsu yake tafiya. In ya isa, a zango yake sauka wurin mai masaukin da ya san ubansa ko kawunsa, ga Sarkin Zango in rigima ta taso. In ya fara wata ɗabi'a, kafin ya dawo labari ya riga shi isowa ta bakin fatake. Uwa-uba, ba a sayar da gona don a tura shi. In rani ya yi kyau ya dawo da turmin atamfa da goro da keke. In bai yi ba ya dawo ya ɗauki fartanyarsa, babu mai yi masa kallon wanda ya kassara gida. Tafiyar yanzu da bashi take farawa, ba ta da ranar dawowa, kuma mai masaukin baƙo ne da ba a san asalinsa ba, sai lambar waya.

Maganar takarda ma ba sabon darasi ba ne gare mu. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su bar Gana. Hausawan da suka gina gidaje a Kumasi da Ankara suka karyar da kayansu suka hau manyan motoci, dattijon nan mai goro yana cikinsu. A watan Janairun 1983 kuma, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, Allah Ya jiƙansa da rahama, ita ma ta ba baƙi marasa takardu mako biyu, sama da mutum miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Gana. Ban kawo wannan don in taɓa marigayi Shagari, Turakin Sakkwato, ba, mutum ne da muke alfahari da shi a wannan yanki, kuma an shaide shi da sauƙin hali. Na kawo ne don a ga cewa ko a ƙarƙashin shugaba mai sanyin hali, ranar da tattalin arziki ya matse, baƙon da ba shi da takarda shi ake fara nuna wa ƙofa. In a tsakanin maƙwabta haka ne, ina ga ƙasar da ba a jin harshenka?

Yau manyan hanyoyin fita waje biyu ne. Ta farko ta ƙasa ce: Illela, Ƙonni, Tawa, Agadas, daga nan sai Sahara, ko Libiya ko Aljeriya. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga ciki yara ne, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu. A watan Nuwamban 2017 tashar CNN ta nuna yadda ake gwanjon baƙin haure a Libiya. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a watan Nuwamban 2023, motocin Agadas suka koma fita a fili. Ta biyu ta sama ce: bizar Umara, a je a ƙi dawowa a zama takari, ko kuma a tafi aikatau ta hannun ejan, fasfo ya koma hannun uban gida. A farkon watan Afrilun 2019 Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa a kan wata 'yar Najeriya saboda safarar ƙwaya. A ƙarshen watan ne aka sako wata ɗalibar jami'a daga Kano da ta shafe wata huɗu a tsare a can, bayan hukumar NDLEA mai yaƙi da ƙwaya ta gano wasu ne a filin jirgi suka maƙala sunanta a jikin jakar da ba tata ba, cike da ƙwaya. Ita ke nan mai takardu cikakku, wadda ta tafi ibada tare da mahaifiyarta. Wanda ba shi da takarda kuwa, ba sai an yi masa dabara ba, ce masa kawai ake yi ɗauki jakar nan.

Nan ne Salim Khan ya nuna ya san abin da yake rubutawa. Irin su Rana ba jarumi suke nema ba, ba kuma ƙwararren ɓarawo ba. Wanda ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda ba suke nema, wanda kuma ba zai iya komawa gida ba. Ƙasar da ya je ita ta rufe masa ƙofar farko. Ta biyu kuwa mu ne muke rufe ta daga nan.

Na ga haka a cikin dangina. Gwaggona tana aure a wani ƙauye da ke ƙasar Shagari. Ɗanta na biyu ya gama sakandare, ya taɓa noman albasa na rani, ya taɓa kabu-kabu da babur ɗin wani, abin bai yi auki ba. Sai ga wani ɗan ƙauyen maƙwabta ya dawo daga Libiya da sabon babur da waya mai tsada, ya ce yana da hanya, shi zai haɗa komai tun daga Ƙonni. Yayan yaron, mutumin kirki mai gudun abin kunya, ya jinginar da gonarsu ta fadama aka ba mutumin kuɗin. Gwaggo ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da gari a leda, liman ya yi addu'a, ya hau mota da asuba.

Ba a yi nisa ba kira ya zo daga wata baƙuwar lamba. Muryarsa ce, yana kuka, ana jin saukar bulala. Ashe mai hanyar bai biya direba ba, direba kuma ya miƙa shi ga masu abin da suke kira gidan bashi, inda ake tsare mutum har sai danginsa sun biya. Aka sayar da shanun huɗa aka tura. Bayan wani lokaci sai kuɗi suka fara zuwa daga wajensa. Gida ya yi ajiyar zuciya, aka sa wa ɗakin Gwaggo rufin kwano. Duk wadda ta shigo barka, bayan gaisuwa tambayarta ɗaya ce: "Mi ya aiko wannan karon?" Sai da ya dawo ya faɗi aikin da yake yi. Mai gidan bashin ne ya ga yana da ƙarfi kuma yana jin Hausa da ɗan Turanci, ya ɗauke shi gadi. Shi ke riƙe wa sababbin kamu waya a kunne suna yi wa iyayensu kuka, kamar yadda aka riƙe masa. Da ladan wannan aiki aka sayi kwanon.

Allah Ya ba shi sa'a ya gudu, ya samu shiga cikin waɗanda hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, take dawowa da su gida a jirgi. Ya iso Sakkwato ya tsaya cak. Tsakaninsa da mahaifiyarsa bai fi tafiyar awa guda a mota ba, amma ya yi watanni yana dako a kasuwa, yana kwana a tasha, har wani ɗan garinsu ya gan shi ya kawo labari. Na same shi zaune a kan buhu, ya rame, ya ƙi haɗa ido da ni. Na ce masa ya tashi mu tafi. Ya ce: "Yaya, da wane ido za ni duba Inna? Gona ta tafi, shanu sun tafi, ga ni hannu rabbana. Kuma kai ba ka san abin da hannun ga ya yi ba." Da na kai wa Gwaggo maganar tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago kai ba ta ce: "Ku ce mai shi taho. Ni ba gona na haifa ba."

Ya taho, yana nan yana noma a gonar wani. Amma ina yawan tunanin cewa maganar nan ta Gwaggo tana cikin zuciyarta tun ranar da ya hau mota, shi ne dai bai sani ba. Da an faɗa masa ita a bakin motar, da an maimaita masa ita a waya duk lokacin da ya kira, wataƙila da bai karɓi gadin nan ba. Iyaye da yawa haka suke, ɗansu ya fi musu dukiya, amma abin da yaron yake ji daga gida kullum shi ne ɗan wane ya gina gida, ɗan wane ya biya wa uwarsa Makka, bashin wane ya matso. Shi kuma sai ya ɗauka ba a son ganin fuskarsa sai da kaya.

Na san abin da za a ce mini, kuma mai faɗa yana da hujja. Za a ce malam, kana magana ne ciki a ƙoshe. A rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, jihar Sakkwato ce a kan gaba a duk Najeriya, da kimanin kashi 91 cikin 100. Taki ya yi tsada, mai na ban-ruwa ya yi tsada, a wasu sassan jihar manomi ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga. Saurayin da ya ga ubansa ya tsufa a kan fartanya bai ajiye komai ba, da wane baki za ka ce masa ya zauna? Ni ma ba zan ce masa ya zauna ba. Tafiya neman halal ba laifi ba ce, kuma gidaje da yawa a Bodinga da Sifawa da Danchadi da kuɗin 'yan ci-rani suke cin tuwo. Abin da nake ƙi shi ne a miƙa yaro ga wanda ba a sani ba, a ɗaura masa bashin da ya fi ƙarfinsa, sannan a rufe ido daga inda kuɗinsa ke fitowa.

Indiya ma ba hana mutanenta fita ta yi ba. Bayan tashin farashin mai na 1973 dubban ma'aikatanta suka kwarara ƙasashen Larabawa, musamman daga jihar Kerala, 'yan damfara kuma suka bi su. A 1983 ta yi dokar ƙaura wadda ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje ya yi rajista da gwamnati ya ajiye kuɗin jingina, aka kuma kafa ofisoshin kare masu fita aiki. Wannan bai kashe damfara ba, ai shekara uku bayan dokar aka yi Naam. Amma ya sa ɗan ƙauye ya samu inda zai duba sunan ejan kafin ya biya, da inda zai kai ƙara in an cuce shi. A 2022, bisa lissafin Bankin Duniya, Indiyawa mazauna waje sun aika gida sama da dala biliyan 100, babu ƙasar da ta kai su. Mu ma a takarda muna da irin wannan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce ke ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane tana nan tun 2003, tana da ofishi a Sakkwato. Ka shiga majalisar samari a bakin titin Bodinga ka tambaya wa ya san haka, sannan ka tambaya wa ya san lambar mai hanyar Agadas.

Fim ɗin yana da nasa rauni, ba zan ɓoye ba. Kamar sauran finafinan zamaninsa, ya yi wa rayuwar 'yan fasa-ƙwauri kwalliya: kwat, mota, bindiga, manyan otal. Yaro zai iya kallo ya ɗauki kwalliyar ya bar darasin. Wanda ya faɗa irin wannan hannu a gaske ba kwat yake sawa ba, a ɗaki ɗaya yake kwana da mutum ashirin. Haka kuma labarin na namiji ne, alhali a wurinmu mata da yawa ne ke tafiya, zawarawa da 'yan mata da ake kaiwa aikatau, kuma abin da suke gani ya fi wanda ake iya faɗa a jarida. Ta wani ɓangaren ma fim ɗin Des Pardes, wanda Dev Anand ya yi a 1978, ya fi shi kusa da mu. A can wani magidanci ne ya tafi Ingila, wasiƙunsa suka yanke, ƙaninsa ya bi sawu, ya tarar da Indiyawa masu fasfon bogi suna aikin bauta, kuma masu tatsarsu 'yan ƙasarsu ne. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya karɓi kuɗin gonar Gwaggona ba Balarabe ba ne, Bahaushe ne da ake sallar Idi da shi a fili ɗaya, kuma har yau babu wanda ya kai shi gaban hukuma, wai kada a ɓata zumunci.

Yanzu da finafinan Indiya ke zuwa da fassarar Hausa a cikin waya, ina roƙon masu wannan sana'a, irin su Algaita a Kano, su riƙa waiwayar tsofaffin labarai irin waɗannan biyun, kada a tsaya ga na doke-doke kaɗai. Masu shirya finafinan Hausa kuma ba sai sun ari labarin kowa ba. Su zo tashar mota a Sakkwato ko Illela su zauna da waɗanda suka dawo, za su ji abin da ya fi na Salim Khan tayar da hankali.

Amma babban aikin ba na 'yan fim ba ne. Shugabannin ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari za su iya ware tebur ɗaya a sakatariya, da ma'aikaci ɗaya mai alaƙa da NAPTIP da Ma'aikatar Ƙwadago, inda uba zai je ya ce ga wanda ya ce zai kai ɗana waje, a duba mini shi. Wannan bai kai kuɗin taron siyasa guda ba. Uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni sun san masu hanyar nan da sunayensu da gidajensu, kuma da wuya a jinginar da gona a ƙauye labari bai kai kunnensu ba. Su riƙa tambayar dalili kafin su sa hannu. Limamanmu sun yi huɗuba a kan cin haram sau ba adadi, muna so su ƙara da cewa uban da ɗansa ke aiko masa kuɗi daga waje yana da haƙƙin ya san sana'ar da ta kawo su, kuma wanda ya dawo hannu wofi ba abin gori ba ne.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙani ko ƙanwa a Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya, kuma ba za ka iya faɗin aikin da yake yi da sunan wanda yake yi wa ba, kira shi a wannan makon. Ka tambaye shi fasfonsa yana hannun wa. Ka tambaye shi ko akwai wanda yake binsa bashi a can. Sannan ka faɗa masa da bakinka, ba ta hannun ɗan aike ba, cewa in abin ya ƙi ya kamo hanya ya dawo ko da rigar jikinsa ce kaɗai, maganar gona da bashi ku za ku ji da ita.